Bugu Biyu a Kan Ƙarfe

Rigimar ta fara tun kafin a kwance igiya, kuma a kan sandar tuƙi ce.

Dermot bai yi wani laifi ba. Hannu kawai ya ɗora a kanta, kamar yadda baƙo kan shafa kan karen gida don a san shi ba mugu ba ne. Norris Haigh, wanda ke durƙushe yana sauraron inji, ya ɗago ya gaya masa cewa a jirgin ruwan nan mutum ɗaya ne ke taɓa wannan sandar, kuma mutumin bai mutu ba tukuna.

"Baba..." in ji Hazel.

"Ba da ke nake ba. Da Likita nake."

Dermot ba likita ba ne, nas ne, kuma Norris ya sani sarai. Saurayin ya janye hannunsa ya zuba a aljihu, ya yi murmushin da ya saba yi wa tsofaffi masu ƙin shan magani. Hazel ta ga murmushin, ta ji kamar ta rungume shi, ta kuma ji kamar ta tura su duka biyun cikin ruwa.

Tun rasuwar mahaifiyarta Maureen jirgin yake ɗaure a Sowerby Bridge, dogo, siriri, koren fentinsa ya fara koɗewa. A cikinsa iyayenta suka zauna tun da Norris ya yi ritaya, kuma duk bazara sai sun bi hanyar ruwan da aka haƙa sun haye tsauni da shi zuwa ɗaya ɓangaren su dawo. Da aka binne Maureen, Hazel ta ajiye aikinta a Leeds ta zo ta zauna da shi na ɗan lokaci. Irin wannan ɗan lokacin ba ya ƙarewa da kansa. Bazara ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, tana nan tana dafa masa shayi tana wanke masa safa.

Shi kuwa Dermot ya samu aiki a wani asibiti a Aberdeen, can arewa mai nisa, zai fara da zarar bazara ta ƙare. Ya roƙe ta ta aure shi su tafi tare. Ta ce ya bari tukuna. Ya sake roƙo, ta sake cewa ya bari tukuna. Na ƙarshen da ya yi bai yi fushi ba, wanda ya fi fushin ciwo. Cewa ya yi zai bi su wannan tafiyar da Norris ya dage sai an yi, zai tura duk ƙyauren da aka ce ya tura, amma in sun sauka ɗaya ɓangaren yana son amsa, ko wacce iri ce.

Haka suka tashi, mutum uku a jirgin da mutum biyu ba sa iya giftawa a cikinsa sai ɗaya ya manne da bango.

A ɗakin ruwa na farko Hazel ta koya wa Dermot aikin. Ruwa ba ya hawa tudu, sai dai a ɗaga jirgi mataki-mataki: a shigar da shi ɗakin dutse, a rufe ƙyaure a bayansa, a murɗa tagogin da ke ƙyauren gaba ruwa ya kwararo ya ɗaga shi, a buɗe ya wuce, a rufe komai a bar shi yadda aka same shi. Ta ba shi mabuɗin ƙarfe sabo mai lanƙwasa, ita ta riƙe na mahaifiyarta, wanda hannun Maureen ya goge mariƙinsa har yana sheƙi.

A kan wannan ruwa kowa ya san rabon aiki. Miji na tsaye a bayan jirgi riƙe da sanda yana kallon tsaunuka, mata na ƙasa tana tura gungumen ƙyaure da bayanta. Mazan sun ce tuƙin ne mai wuya. Ba a taɓa jin matan sun musa ba, numfashinsu ba ya isa.

Dermot ya tambaye ta ko ita ta iya tuƙi. Ta ce ta iya, mahaifiyarta ta koya mata a ɓoye duk ran da Baba ya shiga gari. Ya tambaya ko ita Maureen ɗin ta taɓa hawa tsaunin nan a tsaye a cikin jirgi. Hazel ta yi dariya, ta ce da ƙafa ta haye shi, shekara da shekaru, tana tafe tana waƙa ba daɗi. Ta ba shi labarin wata ɗabi'a da uwar ta ɗauka a shekarunta na ƙarshe: sai ta riƙa buga mabuɗinta a kan ƙarfen ƙyaure, ƙwan, ƙwan, sau biyu, ba dalili. In an tambaye ta sai ta ce agwagi take kora.

"Ko inda ba agwagi?"

"Har ma inda ba agwagi."

Suka wuce Hebden Bridge da tsofaffin masaƙunta da suka koma gidajen masu kuɗi. Daga nan kwarin ya fara matsewa, ɗakunan ruwan suka fara zuwa a jere, kafin ka huce daga wannan ga wancan. Tafin hannun Dermot ya yi ƙuraje, ƙurajen suka fashe, ya naɗe su da filasta ya ci gaba. Bai yi ƙorafi ba. Norris ma bai yaba ba. Daga bayan jirgi yakan ɗaga murya ya ce ƙyauren da Likita ya rufe ko rariya ta fi shi riƙe ruwa, ko ya tambaya shin a ƙasarsu Ireland ba a koya wa yara tafiya da sauri ne.

Shi kansa Norris ya goga jirgin a bangon dutse ba sau ɗaya ba, abin da bai taɓa yi ba a da. Iska ce, in ji shi. Hazel ta yarda iska ce. Ta kuma yarda baƙin ciki ne ya sa ya daina taɓa littattafansa, waɗanda suka cinye rabin bangon jirgin. Ya ce ya riga ya karanta duk abin da ya cancanci a karanta, sauran kuma maimaici ne.

Sama da Todmorden Dermot ya yi kuskuren da kowane sabon shiga ke yi sau ɗaya. Ya bar tagar ƙyauren baya a buɗe. Ruwan da ke shigowa ta gaba ya riƙa zurarewa ta baya, ɗakin ya ƙi cika, su kuma suna tsaye suna hira. Kafin su ankara ɗan zangon ruwan da ke sama ya zama laka, ga tsohon keke da tayoyi sun bayyana a ƙasa, agwagi na tafiya a kai suna mamaki.

Norris ya kashe inji. Ya hau sama a hankali, ya tsaya a bakin lakar hannunsa a baya.

"Likita."

"Na'am, Mista Haigh."

"A asibitin naku haka kuke yi wa mutane ƙarin ruwa? Ku zuba ta nan, ya fita ta can?"

"Sai waɗanda suka dame mu da surutu."

Hazel ta toshe bakinta. Norris ya juya ya koma jirgi, amma ta ga kafaɗarsa ta ɗan motsa. Yinin nan ya tafi a banza, ita da Dermot suna hawa suna sako ruwa daga ɗakunan sama har zangon ya cika. A hanyar dawowa ya kama hannunta da nasa mai filasta, ya ce shi dai ya gama yawo a idon surukinsa. Ta ce ba surukinsa ba ne tukuna. Ya ce wannan tukunar ce za ta kashe shi.

"Dermot, ka san ina son ka."

"Na sani, rabin raina. Sanin ne ya sa nake tura ƙyaure kamar jaki."

"In na tafi, wa zai..."

Ba ta ƙarasa ba. Shi ma bai ƙarasa mata ba.

Suka kai ƙololuwa da hantsi, gajimare ya sauko har yana shafar tumakin da ke kan tsauni. A nan ruwan ke kwance shiru, babu hawa kuma, abin da ya rage sai gangara. Norris ya sa aka ɗaure jirgi, ya ce a nan Maureen kan cire takalmi ta sa ƙafa a ruwa. Ya shiga ciki ya dafa shayi da kansa, ya zuba musu, ya ɗauki nasa ya tafi ya zauna a kan wani dutse ya ba su baya.

Dermot ya daɗe yana juya kofinsa. Sannan ya ce akwai maganar da yake ta haɗiyewa tun daga Sowerby Bridge, amma ba zai iya sauka tsaunin nan da ita a ciki ba.

"Babanki ba ya gani sosai, Hazel."

Ta ce tsufa ne, kowa ma yana buƙatar tabarau.

Ya ce ba na tabarau ba ne. Ya tambaye ta ko ta lura in yana zuba shayi sai ya sa yatsa a bakin kofi. Ko ta lura ba ya kallon mutum kai tsaye, sai ya ɗan karkatar da kai kamar tsuntsu. Jiya ya gai da turken ɗaure jirgi, ya zaci mai kamun kifi ne. Ya ga irin wannan da yawa a wajen aiki, tsakiyar ido ke tafiya gefe ya rage, kuma ba ya dawowa. Hawa da sauƙi, in ji shi, amma ita ta gaya masa da bakinta cewa a gangara akwai dakalin dutse a ƙarƙashin ƙyauren baya, kuma in mai tuƙi bai ga farin layin da aka shafa a bango ba, ya bar gindin jirgi a kan dakalin nan ruwa na sauka, jirgi zai rataye ta baya, hancinsa ya nutse.

Hazel ta taso masa. Ta ce mahaifinta ya sauka tsaunin nan tun Dermot bai iya ɗaura takalmi ba. Ta ce ta gane inda maganar ta dosa: a ce tsoho ya makance, a kai shi gidan tsofaffi, ita kuma ta ɗauki jakarta ta bi wani zuwa Aberdeen da zuciya fes.

Bai ɗaga murya ba.

"Da abin da nake so nake bi, da na yi shiru," ya ce. "Da na bar ki kina zaton baƙin ciki ne kawai, wata rana zai wuce. Yanzu da na faɗa miki, na san ba za ki zo ba. Amma gara in rasa ki da in tsaya ina kallo ya nutse."

Ta zubar da sauran shayinta a ciyawa, ta ɗauki mabuɗin mahaifiyarta ta wuce gaba ita kaɗai. Ba ta yarda da shi ba. Ta ƙudura ba za ta yarda ba. Sai dai tana tafe tana tuna yatsan nan a bakin kofi, da yadda Maureen ta koma karanta wa Norris littafi da baki, tana cewa muryar kanta take son ji.

Ɗakin farko na gangara a cike yake. Norris ya shigar da jirgi tsaf, Dermot ya rufe ƙyaure a bayansa ya zagayo ɗaya gefen. Shi da Hazel ba su kalli juna ba. Ta murɗa tagarta, ya murɗa tasa, ruwa ya fara ficewa da ruri, jirgin ya fara sauka tsakanin bangon dutse mai gansakuka.

Ta waiwaya ne kawai don ta nuna wa kanta Dermot ƙarya yake.

Jirgin ya ja baya. A hankali, kamar yadda ruwa kan ja shi. Farin layin na nan ɓaro-ɓaro a bango, gindin jirgin kuma ya wuce shi. Mahaifinta na tsaye riƙe da sanda, kansa a ɗan karkace, fuskarsa a natse kamar mai jiran wani abu.

"Baba, matsa gaba!"

Rurin ruwa da ƙugin inji suka haɗiye muryarta. Ta sake kira. Bai motsa ba. Ta ga Dermot ya saki tagarsa ta faɗi ta rufe, ta saki tata, amma ruwan ya riga ya yi ƙasa, baƙin dakalin ya fara leƙowa a ƙarƙashin ƙafafun tsohon. Ba ta yi tunani ba. Hannunta ne ya ɗaga mabuɗin ya sauke a kan ƙarfen ƙyaure.

Ƙwan. Ƙwan.

Kafin ƙarar ta mutu Norris ya tura inji gaba. Wani abu ya gurza dutse a ƙasa da ƙara mai sa haƙori tsami, jirgin ya yi tangaɗi, kofuna suka zube a ciki, sannan ya zame ya zauna daram a kan ruwa.

Tsohon ya ɗaga kai sama, wajen da ƙarar ta fito, fuskarsa ta buɗe yadda Hazel ba ta gani ba tun ranar jana'iza.

"Maureen?" ya ce.

Babu agwagwa ko ɗaya a wurin.

Ba ta san yadda ta sauka tsanin ƙarfen ba. Ta dai tsinci kanta a bayan jirgi, a gabansa, mabuɗin a hannunta. Ya karkatar da kai ya dube ta da gefen ido, ya gane ta, fuskar ta sake rufewa. Ya kashe inji. Ba abin da ake ji sai ruwan da ke ɗiga daga bango.

Ta tambaye shi tun yaushe.

Ya ce tun da daɗewa. Uwarta ta gane kafin shi. Ba ta taɓa ce masa ba ka gani ba, don ta san da ta faɗa da ya yi gardama har ya nutsar da su duka. Wata rana dai suna gangara sai ta buga ƙarfe sau biyu, shi kuma ya matsa gaba. Shi ke nan. Bai tambaye ta ba, ba ta yi bayani ba. Ta buga, ya matsa. Haka suka yi maganar tsawon shekaru, ba su taɓa yin ta da baki ba.

"Yau ma jira nake," ya ce. "Na san tana ƙarƙashin ƙasa a Halifax, ni na zaɓi dutsen kabarin. Amma na tsaya ina jira."

Hazel ta fashe da kuka. Ta rungume shi, ta ji yadda ya rame a cikin rigar sanyinsa. Ta ce ba komai, ta koya yanzu, ita za ta riƙa buga masa. Duk bazara, duk ɗaki, har ƙarshe. Ba inda za ta. Ta faɗa da ƙarfi yadda wanda ke tsaye a sama zai ji, kuma ya ji. Ta ga inuwarsa ta ja baya daga bakin bango.

Norris ya cire hannuwanta daga wuyansa, ba da ƙarfi ba.

"A'a."

"Baba..."

"Na ce a'a. Na cinye ƙafafun mace ɗaya a kan hanyar nan, ina tsaye ina kallon tsauni ina kiran abin da suna soyayya. Ta isa. Ba zan ci ta biyu ba."

"To wa zai kula da kai?"

Ya ce yayarsa Enid na nan a Littleborough, a gindin wannan gangarar, da ɗaki a ƙasa da take ta yi masa tayi tun bara. Ba sa shiri, ba su taɓa shiri ba tun suna yara, tana dafa kabeji har ya mutu sau biyu, tana kuma magana da talabijin. Amma tana da idanu, shi yana da kunnuwa, za su yi faɗa har Allah ya ɗauki ɗaya, kuma faɗa na riƙe tsoho fiye da magani. Jirgi kuma a ɗaure shi kusa, inda zai iya zuwa da ƙafa ya zauna a ciki in Enid ta ishe shi.

Ta ce ba ta yarda ba. Ya ce ba shawara ya kawo mata ba.

Sai ya kama hannunta na dama ya ɗora a kan sandar tuƙi, ya danne da nasa. Ƙarfen da ɗumi, ɗumin tafinsa. Ya ce kada ta yi masa fuskar rashin sani, ya daɗe da sanin uwarta ta koya mata, makaho ne shi ba kurma ba, kuma duk ran da ya dawo daga gari yakan tarar da igiya a ɗaure irin ɗaurin da ba nasa ba. Ya zare mabuɗin Maureen daga ɗaya hannunta. Ya auna nauyinsa. Ya laluba tsanin ƙarfe ya fara hawa, mataki ɗaya bayan ɗaya.

A sama hannu mai filasta ya miƙo. Norris ya tsaya yana kallonsa da gefen ido, kamar zai ce wani abu a kan tsabtar filastan. Sai ya kama.

Suka ci gaba da gangara, yayyafi na sauka. Hazel na bayan jirgi, idonta a kan farin layi, tana ganin duniya daga inda ba ta taɓa ganinta ba: daga ƙasa, tsakanin bango biyu, mutum biyu a can sama kamar hankaki a kan katanga. Muryoyinsu na zuwa mata guntu-guntu in ruwa ya lafa. A ɗaki na gaba ta ga mahaifinta ya jingina bayansa da gungumen ƙyaure kusa da Dermot, ya tura, ƙyauren ya ƙi, ya sake turawa har hularsa ta faɗi.

"Dama haka suke da nauyi?" ta ji ya ce yana haki.

"Haka suke, Mista Haigh."

"Ba ta taɓa faɗa ba."

"Ka taɓa tambaya?"

Hazel ta zaci za a yi rigima. Sai ta ji mahaifinta ya ce, bakin Likita ya fi hannunsa aiki. Suka tura tare, ƙyauren ya motsa.

Bai huta ba. Ta roƙe shi ya shigo ko na ɗaki ɗaya ne, ya ce matarsa ba ta taɓa shigowa ba. Yana ɗingishi, wandonsa ya jiƙe har gwiwa, yana bin hanyar gefe hannunsa ɗaya a kafaɗar Dermot, wai don kada yaron ya faɗa ruwa. A wani wuri ta ji yana yi masa huɗuba: in ya kai ta can garin nasu mai sanyi, kada ya tsaya riƙe da sanda ya bar ta tana tafiya a ƙasa, in kuwa ya yi, zai taso daga gidan Enid da sanda ta gaske. Dermot ya ce ai har yanzu ba ta ce za ta je ba. Norris ya ce wannan kuma gadon uwarta ne, sai an jira.

Da la'asar rufin gidajen Littleborough ya bayyana a ƙasa, baƙi, jiƙaƙƙe. A ɗakin ƙarshe kafin gari ruwa ya sauka har ya daidaita, mazan biyu suka buɗe ƙyauren gaba. Hanya ta buɗe, doguwa, shimfiɗaɗɗiya, yayyafi na tsattsaga fuskarta.

Hazel ba ta motsa jirgin ba.

Tana tsaye hannunta a kan sanda, inji na ƙugi a ƙarƙashin ƙafarta. Ta san in ta fita daga ɗakin nan an sauka ke nan, kuma akwai amsar da ake jira. Ta dubi littattafan da ke leƙowa ta ƙofar jirgi, waɗanda ba wanda zai sake karantawa sai in wani ya karanta masa. Ta tuna safarsa da ke shanye a kan murhu. Wa zai san yana son shayinsa da kauri har cokali ya kusa tsayawa? Hawaye suka haɗu da ruwan sama a fuskarta. Dermot na tsaye a gefen dama, ya cusa hannuwansa a aljihu kamar ranar farko.

A gefen hagu mahaifinta ya laluba ƙarfen ƙyaure da tafinsa har ya same shi. Ya ɗaga mabuɗin Maureen.

Ƙwan. Ƙwan.

Ta waiwaya ba da niyya ba. Dakalin na can baya da nisa, farin layin ma haka. Babu abin da jirgin zai rataya a kai.

Ta share fuskarta da hannun riga. Ta ɗaga kai wajen dama.

"Dermot."

"Na'am, zuciyata."

"A Aberdeen ɗin nan ana ruwa kamar nan?"

"Ya fi nan."

"To sai ka saya min rigar ruwa ta kirki. Wannan ta Mama ce, tana yoyo."

Ya cire hannuwansa daga aljihu bai san inda zai sa su ba. Ya tambaye ta ko abin da ya ji shi ne abin da ta ce, ta ce eh, ta amince, ta daɗe da amincewa, tsoro ne kawai. Daga ɗaya gefen Norris ya ce in sun gama, akwai tsoho a nan da ruwa ke duka, kuma kabejin Enid ba ya jiran kowa.

Hazel ta tura inji gaba. Jirgin ya zame ya fita tsakanin ƙyauren biyu, bai taɓa ko ɗaya ba.

Norris Haigh ya saurari ƙarar injin har ta wuce shi. Sannan ya jingina bayansa da gungumen, ya kafa dugadugansa a kan duwatsun da ƙafar matarsa ta taka shekara da shekaru, ya tura a hankali har ƙyauren ya rufe a bayanta.